Ciniki Ba Dillali: Saye da Sayarwa ta Tallan Intanet a Birnin Kano

Tun zamanin da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi a tsakiyar birni, har zuwa shekarun da idanunmu suka gani, da wuya a ƙulla wani ciniki mai nauyi a Kano, na doki ne ko na tufa ko na gida, ba tare da mutum na uku ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa ba. Baƙon da ya zo daga Agadas ko Barno ko Gwanja yakan sauka gidan fatomansa, shi zai ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan an ba da bashi. Dillali kuwa, la'adar da ake ba shi ladan amana ce kafin ta zama ladan yawo da kaya, domin an san gidansu, an san rumfar da yake zama, kuma in kaya suka fito da aibi, ko suka zama na sata, akwai wanda za a riƙe. A cikin gidaje ma haka al'amarin yake, gama matar da ke cikin kulle a Yakasai ko Koki ko Mandawari, idan bukata ta kama ta ta sayar da zane ko tasa ko 'yan kunnenta, dillaliya take kira, wadda ta san ƙofar kowane gida, kowane gida kuma ya san ta.

Yau wannan mutum na uku yana ɓacewa daga cinikayya mai yawa, kuma wayar hannu ce ta ɗauke shi. Talla dai ba baƙon abu ba ne gare mu: mun san shelar sanƙira, mun san sanarwar 'yan kasuwa a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin 1939, mun kuma san cigiya da sanarwa a gidan rediyo. Abin da ya sabunta shi ne, tun bayan da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, intanet kuma ta biyo bayanta har cikin aljihun talaka, kowa ya zama mai shelar kansa, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Kamfanin OLX ya buɗe dandalin irin wannan talla a Nijeriya cikin 2012, Jiji ya fara a Legas cikin 2014, daga baya ya karɓe harkokin OLX a 2019. Amma ciniki mai yawa na mutanen birni a Facebook da WhatsApp da Instagram yake gudana, inda mutum zai ɗauki hoton babur ɗinsa, ko keken ɗinki, ko gado da katifa, ya rubuta kuɗi da lambar waya, kafin la'asar an fara taya masa daga Zariya ko Katsina.

Ba zan ɓoye ba, ina ganin alheri mai yawa cikin wannan. Bazawarar da ke son sayar da kayan ɗakinta ta ja jari tana iya yi ba tare da sirrinta ya zaga unguwa ba, ɗalibi yana samun kwamfuta ta hannu a kuɗin da zai iya, maƙeri ko baduku na cikin lungu yana nuna aikinsa ga wanda bai taɓa taka Kano ba. Sai dai wanda ya tsira daga biyan la'ada ya kamata ya sani cewa aikin da dillali yake yi bai faɗi ba, wuyansa ya koma. Shi ne yanzu zai binciki mutum, ya duba kaya, ya nemi shaida, in kuwa ya yi sakaci da waɗannan, to, masu dandalin ba su lamunce masa kome ba, domin su fili kawai suka bayar, ba su ga kayan ba, ba su kuma san mai su ba.

Mazambata sun fahimci wannan giɓi tun kafin mu fahimce shi. Hanyarsu mafi shahara ita ce su ɗauko hoton mota ko waya mai tsada daga wani wuri, su sa mata kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba, sa'an nan su ƙaga dalilin arahar: wai mai ita jami'in kwastan ne ana gwanjon kayan da aka kama, ko soja ne an yi masa canjin wurin aiki, ko kuwa mara lafiya ne ke kwance a asibiti. Hukumar kwastan ta sha yin gargaɗi cewa ba ta sayar da motoci ta hannun ɗaiɗaikun mutane a Facebook, amma har yanzu ana faɗawa. Da ka kira, za ka ji murya mai ladabi, tana cewa, "Ranka ya daɗe, Alhaji, mutum uku ne ke nema, amma kai na ga alamar dattako, turo ko kuɗin mai ne direba ya taso." Idan ka tura kuɗin mai, gobe motar ta lalace a hanya, jibi an tsare ta a shingen bincike, kowace rana da tata bukata, har ranar da lambar za ta daina shiga. Irin wannan ake yi wa mai neman gidan haya, a karɓi kuɗin dubawa a kan gidan da mai tallan bai mallaki ko makullinsa ba. Gaggawa ita ce alamar da ba ta ɓuya, domin mai kaya na gaskiya yana iya jira ka zo ka gani.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne malamanmu na fiƙihu sun riga sun yi hukunci a kan wannan mas'ala tun shekaru dubu da suka wuce. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da har gobe ake karantawa a zaurukan Madabo da sauran makarantun ilimi na birni, an halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma an hana a sharɗanta biyan kuɗinsa tun kafin ya iso, sai fa idan wurinsa kusa ne, ko kuwa abu ne da ba a tsoron canzawarsa, kamar gida ko fili. Hikimar a bayyane take: shari'a ta ƙi garari, watau cinikin da ba a san tabbacin samuwar abin ko siffarsa ba, abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Hoton da ke cikin talla siffantawa ne kawai, ba gani ba ne, kuma wanda ya ce lalle sai ka biya kafin ka gani ya nemi ka da abin da malamai suka guje maka. Idan nisa ya tilasta, kamar kayan da ke Legas ko Anacha, sai a wakilta amintacce, ɗan'uwa ko abokin ciniki da ke can, ya je ya gani da idonsa, ya karɓa da hannunsa, sa'an nan a biya.

Waya tana cikin abubuwan da aka fi saya ta wannan hanya, tana kuma cikin waɗanda suka fi jawo wa mutane fitina, musamman tun da ƙwacen waya ya addabi Kano har jama'a suka yi ta kuka a kansa cikin 2023. Wanda ya ga waya a talla ya ji ta kwanta masa, kada ya yarda a haɗu a bakin lungu bayan magariba. Ya ce a haɗu da rana a kasuwar waya ta Farm Centre ko ta titin Beirut, a rumfar mai gyaran da ya sani. Can za a buɗe ta a gabansa, a sa layi a yi kira, a gwada caji da kyamara da lasifika, a duba ko an taɓa sauya gilashinta. Sa'an nan a danna *#06#, lambar da ke bambanta kowace waya da 'yar'uwarta, mai alƙaluma 15, za ta fito, a gwada ta da wadda ke jikin kwali da rasit. A kuma sa mai ita ya cire asusunsa da kulle-kullensa da hannunsa, domin wanda ya kasa buɗe wayar da ya ce tasa ce ya riga ya ba da amsa. In babu kwali babu rasit, a rubuta takarda da sunansa da hoton katin shaidarsa, shaidu biyu su sa hannu. Wasu suna jin nauyin yin haka, suna ganin kamar tuhuma ce, alhali kuwa rubutu da kafa shaida a mu'amala umurni ne da ya zo a ƙarshen Suratul Baƙara, kuma karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa. Idan 'yan sanda suka bi sawun waya, hannun da suka same ta a ciki shi za su fara kamawa.

Mai sayarwa ma bai tsira ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin naira, tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare har ga mai shayi, tare da shi kuma alat na bogi ya yawaita. Mutum zai zo cikin shiga ta kamala, ya duba injin markaɗe ko firiji, ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama, ya danna wayarsa ya nuna maka hoton rasit, saƙo ma ya shigo wayarka da sunan banki, alhali ɗan adaidaita sahun da ya zo da shi ya riga ya fara ɗaura kaya. Saƙo ba kuɗi ba ne. Ka buɗe manhajar bankinka da kanka, ka ga kuɗin sun zauna cikin asusu, kafin kaya su ƙetare zaure. Idan ya ce matsalar sabis ce, to, kaya su jira sabis ɗin. Haka nan duk wanda ya ce ka karanto masa wasu lambobi da aka turo maka, ko ya nemi lambar BVN ko lambar sirrin katinka wai don ya biya ka, asusunka ko WhatsApp ɗinka yake nufi, domin mai biya ba ya bukatar kome face lambar asusu da sunan banki.

Ga iyayenmu mata da ƙannenmu masu sana'a a cikin gida akwai ƙarin hattara. Kada a rubuta kwatancen gida a cikin talla, kada hoton kaya ya nuna tsakar gida ko fuskokin yara, kuma baƙon da ya zo ganin kaya a tsayar da shi a zaure ko shagon bakin titi, maigida ko wani namiji na gidan yana wurin. Tura yarinya ita kaɗai ta kai saƙo ga wanda ba a sani ba ganganci ne da bai kamata a saba da shi ba.

Wajibi ne kuma mai talla ya bayyana aibin kayansa, domin ɗaukar hoto ta gefen da ba a ganin tsaga tadlisi ne, watau ɓoye aibi, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa idan ya gano.

Wanda ƙaddara ta faɗa masa aka cuce shi, kada kunya ta sa ya yi shiru, gama shirun nan shi ke ba mazambaci damar cutar na gaba da lamba ɗaya da hoto ɗaya. Ya kira bankinsa a sa'ar da ya farga, tun kuɗin ba su bar asusun da aka tura su ba, ya adana hoton tallan da saƙonnin da lambar asusun, ya sanar da masu dandalin su sauke tallan, sa'an nan ya kai ƙara ga 'yan sanda ko ofishin hukumar EFCC na Kano, domin dokar zamba cikin aminci ta 2006 da dokar laifuffukan intanet ta 2015 duka sun tanadi hukunci a kan wannan. Idan kuwa wanda aka yi cinikin da shi sananne ne a cikin gari, saɓani ne kawai ya shiga a kan aibi ko cikon kuɗi, mai unguwa da shugabannin kasuwa da hukumar Hisba suna yin sulhu, kuma takardar nan da shaidu biyu suka sa wa hannu ita za a fara tambaya.