Shin Ko Kun San Yadda Kwamfuta Ke Ɓoye Layi?

Shin ko kun san akwati mai fuska shida yana da gefuna 12, amma duk inda kuka tsaya a wajensa ba za ku ga fiye da 9 ba? Ido ba ya shan wahalar wannan. Kwamfuta kuwa duka 12 ɗin ta sani, idan ba a hana ta ba sai ta zana su gaba ɗaya, akwatin ya fito kamar kejin waya. Tun 1832 Louis Necker, ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa irin wannan zane yana rikita mai kallo, gaba ya koma baya, baya ya dawo gaba.

Ko kun san wanda ya fara magance matsalar shi ne Lawrence Roberts na jami'ar MIT a Amurka, a 1963? Dabararsa tana aiki ne da siffofi marasa lotsawa. Shi ne daga baya ya jagoranci gina ARPANET, kakar intanet.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Arthur Appel na kamfanin IBM a 1967. Kwamfuta za ta bi layi daga farkonsa tana ƙirga fuskokin da suka tare shi daga mai kallo. Ya shige bayan wata fuska, a ƙara ɗaya. Ya fito, a rage ɗaya. Inda lissafi ya tsaya a sifiri, nan kaɗai za a zana. Ba sai an binciki kowane ɗigo ba, mararraba kawai ake dubawa, kuma a zamanin da na'ura ke tafiyar hawainiya wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

A 1974 Edwin Catmull a jami'ar Utah da Wolfgang Strasser a Jamus, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo wata hanya: kowane ɗigon allo ya riƙe nisan abin da ke kansa, mafi kusa ya kori na nesa. Tana cin ma'adanar kwamfuta sosai, amma yau ita wasannin wayoyinku ke amfani da ita. Catmull yana cikin waɗanda suka kafa Pixar.

Wasan Elite na 1984 kuwa, a kan kwamfutar BBC Micro mai ma'adanar kilobait 32 kacal, jiragensa marasa lotsawa ne, don haka gefen da fuskokinsa biyu suka juya wa mai kallo baya kawai ake sharewa.