Tumatir Mai Girman Ƙwayar Wake

A ƙasashen Turai da Amurka akwai manya, ba yara ba, da ke gina gidan 'yar tsana su ƙawata shi da komai na gida, har da kwandon cefane a kicin. Ma'aunin da aka fi bi shi ne ɗaya bisa goma sha biyu, wanda da shi aka gina shahararren gidan 'yar tsana na Sarauniya Mary, da aka kammala a 1924, yake kuma ajiye a fadar Windsor ta Ingila. Da wannan lissafi, tumatir mai faɗin santimita 6 zai koma milimita 5, karas mai tsawon santimita 18 kuma ya koma santimita ɗaya da rabi.

Abin da ake ƙera su da shi ana ce masa yumɓun roba, ko da yake ba yumɓun ƙasa ba ne. Garin PVC ne, dangin robar bututun ruwa, aka kwaɓa da sinadarin da ke tausasa shi. Ba ya bushewa don an bar shi a iska, sai an gasa. Samfurin Fimo na Jamus, wanda ya shiga kasuwa da wannan suna a 1966, ana gasa shi a zafin digiri 110 na rabin awa. Idan wuta ta yi yawa ƙonewa yake, hayaƙinsa kuma ba abin shaƙa ba ne.

Mulmula ɗan ƙwallo kowa zai iya. Inda gwani ke barin ɗan koyo a baya shi ne launi. Ɗan koyo zai ɓare jan yumɓu daga leda ya mulmula, sai ya samu dutsen ado maimakon tumatir. Kayan lambu cike suke da ruwa, haske yana ɗan ratsa su, shi ya sa gwani ke cuɗa launinsa da yumɓun da ba shi da launi, mai barin haske ya wuce. Sannan ya kankare allin zane ya zama gari, ya ɗiba da ɗan buroshi ya shafa kore-kore a gindin tumatir, ya sa ƙasa-ƙasa a jikin dankali bayan ya huda masa idanu da tsinin allura. Karas ma sai an tsattsaga masa layuka. Wanda ya fito sumul ba tabo, a ganina, shi ne ya fi saurin tona asirin kansa.

Yankakkiyar albasa da kokwamba dabararsu daban ce. Ana naɗa falle-fallen yumɓu masu launi iri-iri, wani a kan wani, har a samu gungume mai kauri da zanen albasa a cikinsa. Sai a riƙa matsa shi ana ja a hankali har ya sirance, zanen yana ƙanƙancewa ba tare da ya ɓaci ba. Daga nan a sa reza a yi ta yanka, kowane yanki da zobbansa.