Matatar iska: Wadda ta dace da motar tsere, da wadda ta dace da rairayin Yusufari

Injin mota mai amfani da fetur yana shaƙar iska mai nauyin kusan ninki 15 na man da yake ƙonawa. Shi ya sa masu motocin tsere a Turai da Amurka suke cire matatar iskar da mota ta zo da ita, su sa wadda ke barin iska ta wuce da sauƙi. Fitacciya a cikinsu ita ce ta kamfanin K&N na Amurka, wadda aka yi da auduga da aka jiƙa da mai. Ana wanke ta a mayar, kuma takan ƙara wa injin ɗan ƙarfi idan an taka shi sosai.

Amma motar da ta taso daga Gashuwa ko Nguru ta nufi Yusufari, ta kutsa tuddan rairayin Tulo-Tulo kusa da iyakar Nijar, ba gudu take nema ba. Abin da ke kashe injin Hilux ko Land Cruiser a can shi ne ƙura, musamman ta hunturu mai laushi kamar gari. Matatar da ke sakin iska da yawa takan saki irin wannan ƙurar ma, ta shiga silinda tana goge zoben fistin har mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. Idan kuma aka cika wa audugar mai bayan wanki, yakan ɓata na'urar da ke auna iska.

Matatar takarda ta asali ta fi kama ƙura, illarta saurin toshewa. Nan ne direbobi da yawa ke kuskure: sai su kai ta wajen mai faci a busa ta da iska mai ƙarfi, takardar ta yage ba tare da an gani ba.

Gyaran da ya fi amfani a wannan yanki shi ne dogon bututun da ake ɗaurawa gefen gilashin gaba, mai ɗebo iska daga saitin rufin mota, nesa da ƙurar da tayoyi ke tayarwa. In an ɗora masa kwanon da ke juya iska ya zubar da yashi kafin ta isa matata, matatar takan ƙara kwana. Sai dai bakanike ya liƙe mahaɗarsa da kyau, domin ɗan tsagi a nan zai dawo da ƙurar da aka guda.