Ƙafar da Ba Ta Barin Mai Ita Ya Yi Barci

Akwai wata cuta wadda mutanenmu na ƙasar Daura su kan ɗora wa sanyi ko iska. Mutum ya yini lafiya lau, amma da ya kwanta sai ya ji kamar kiyashi na tafiya can cikin sha-raɓarsa, ba shi samun sauƙi sai ya motsa ƙafa ko ya tashi ya taka. Waɗansu kuwa barci ya kan ɗauke su, amma ƙafar ta yi ta zabura ba su sani ba, sai abokin kwana ya ba su labari. Wannan dabam ta ke da ɗaurewar jijiya, wadda ke zuwa da zafi farat ɗaya ta wuce.

Likita Thomas Willis na Ingila ya bayyana ta tun 1672, sa'an nan Ekbom, mutumin Suwidin, ya raɗa mata suna a 1945. Yanzu an gane ta kan bi gado, ta kan kuma tasar wa masu juna biyu da masu ciwon ƙoda. Amma abin da ya fi shafarmu shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, gama tsargiya da tsutsar ciki suna zuƙe jinin yara ƙwarai.

To, ina amfanin motsa jiki? A 2006 likitoci a Amurka suka sa waɗansu masu cutar tafiya da wasannin ƙarfafa ƙafa, sau 3 a mako, har mako 12. Ciwon ya ragu a gare su fiye da waɗanda aka bari haka nan. Sai dai abin na da ma'auni. Tafiyar hantsi ko ta la'asar, kamar ta mai zuwa gona ko mai kai kaya kasuwar Mai'aduwa, tana taimako. Amma wanda ya kwashe watannin rani yana zaune a gindin bishiya, sa'an nan ya shiga kokawa ko langa da farin wata har dare ya raba, ƙafarsa ta kan ƙara tsananta a wannan daren. Goro da shayi bayan magariba su ma suna zuga ta, ko da ya ke mun san wannan magana ba za ta yi wa dattawa daɗi ba.

Mu da za a ba amanar aji, nan ne zancen ya zo kanmu. Yaron da ke gyangyaɗi kullum da safe, a Zango ya ke ko a Ɓaure, kada mu yi saurin kiransa rago mu ɗauko bulala. Mu tambaye shi yadda ya kwana. In ya ambaci ƙafa, a mai da wasansa da rana, ya riƙa miƙe sha-raɓa kafin kwanciya, a ƙara masa wake da zogale, da hanta in da hali. In kuwa mun ga cikin idonsa ya yi fari, sai a kai shi asibiti a auna jininsa, kada a ba shi ƙwayar ƙarin jini sai likita ya ce.