Gidan Ɗantata: Yadda Kasuwancin Iyali Kan Daɗe Bayan Mai Shi

A Gabashin Asiya akwai manyan kamfanoni waɗanda iyali ɗaya ke riƙe da ragamarsu, alhali harkokinsu sun kasu fanni-fanni. Samsung na Koriya ta Kudu, alal misali, ya fara ne a 1938 da sayar da busasshen kifi da kayan masarufi, sai a 1969 ya shiga ƙera kayan lantarki. Wannan tsari kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Kano.

An haifi Alhaji Alhasan Ɗantata a Bebeji a 1877, kuma da fataucin goro daga Gwanja ya soma. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano, sai ya karkata ga sayen gyaɗa, yana sayar wa kamfanonin Turawa. Gyaɗar manoman karkara, irin su na Gaya da Ajingi, ita dillalai ke tarawa buhu-buhu, har ta zama dalar gyaɗa. Ya rasu a 1955, yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

To, me ya hana wannan gida rushewa? Dalili na farko shi ne ba a dogara da sana'a ɗaya ba. Lokacin da fari da cutar gyaɗa suka durƙusar da cinikinta a shekarun 1970, 'ya'yansa, irin su Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu, sun riga sun shiga sufuri da gine-gine da masana'antu. Idan wani reshe ya yi asara, ribar wani ta cike giɓin.

Na biyu shi ne horar da na baya tun suna ƙanana, tare da ba su jari. Aliko Ɗangote, jikan Alhaji Sanusi ta wajen uwa, da rancen dangi ya fara ciniki a ƙarshen shekarun 1970. Daga sayo siminti da sukari ya koma sarrafa su, kuma a 2023 aka ƙaddamar da matatar mansa a Legas, mai iya tace ganga 650,000 a kullum.

Sai dai ɗalibi ya lura, babbar jarrabawar irin wannan kasuwanci ita ce ranar rabon gado. In kowane magaji ya cire kasonsa ya yi gaba, jari ya tarwatse, ma'aikata su rasa abin yi. In kuwa aka yi wa kamfani rajista, kowa ya karɓi haƙƙinsa a matsayin hannun jari, to gado ya rabu, sana'a kuma tana nan daram.