Daga tukunyar Jigawa zuwa teburin masu jari: Yadda ake rubuta takardar da za ta kai ƙirƙira kasuwa

A shekarun 1990, wani malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, marigayi Mohammed Bah Abba, ya ɗauki tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, ya saka ƙaramar cikin babbar. Ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa shi da ruwa, ya zuba kayan miya a ƙaramar, sannan ya rufe bakinta da jiƙaƙƙen tsumma.

Yayin da ruwan ke ratsa jikin babbar tukunyar yana bin iska, sai ya tafi da zafin da ke ciki. Wannan ita ce hikimar da ke sanyaya ruwan randa, wadda kowace tsohuwa a ƙasar Hausa ta sani tun kafin a haife shi.

Amma shi ne a shekarar 2000 kamfanin agogo na Rolex ya bai wa kyautar dala 75,000 a kan wannan aiki, kuma a 2001 mujallar Time ta Amurka ta saka tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekarar.

Abin da ya ƙara a kan ilimin kaka da kakanni shi ne awo da lissafi. Ya gwada, ya ƙirga kwanaki, ya san waɗanda za su gina tukwanen da waɗanda za su saya, kuma ya iya bayyana duk wannan ta yadda wanda bai taɓa ganin randa ba zai gamsu.

A nan ne masu ƙere-ƙere da yawa ke tuntuɓe. A kasuwar Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, akwai masu walda da ke haɗa injin casar masara, da na matsar man gyaɗa, da murhun da ke rage cin gawayi. A kwalejojin fasaha kuma, duk shekara ɗaliban ajin ƙarshe na ƙera na'urori, a ba su maki, a jingine na'urar a kusurwar ɗakin gwaji ƙura ta rufe ta. Tsakanin samfuri guda ɗaya da kayan da ake sayarwa a shago akwai wata takarda, wadda mai ƙira ke rubuta wa kamfani ko banki ko mai bayar da tallafi. Ita ce ke yanke hukuncin ko aikin zai rayu.

Wa zai karanta?

Kafin a rubuta kalma ɗaya, sai a san hannun wanda takardar za ta faɗa, domin kowa da abin da yake nema.

Bankin Masana'antu na Najeriya bashi yake bayarwa, don haka idonsa na kan yadda kuɗin za su dawo. Gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take bai wa zaɓaɓɓun matasan Afirka jarin somin-taɓi na dala 5,000, tana son ganin kasuwancin da zai girma ya ɗauki ma'aikata. Mai masana'antar roba a Sharaɗa ko Bompai kuwa tambayarsa ita ce ko injinan da yake da su za su iya fitar da kayan, kuma nawa zai ci a kan kowane guda.

Labarin injiniyan Birtaniya James Dyson ya nuna illar rashin daidaita tayi da buƙatar mai karɓa. Ya shafe kimanin shekara biyar yana ƙera na'urar zuƙe ƙura wadda ba ta buƙatar jakar tara datti, sai da ya yi samfuri 5,127. Da ya kai wa manyan kamfanonin Birtaniya da Amurka, suka ƙi karɓa, alhali na'urar tana aiki. Waɗannan kamfanoni suna samun kuɗi mai yawa daga sayar da jakunkunan da ake sauyawa, shi kuma ya zo musu da abin da zai kashe wannan ciniki. Wani kamfanin Japan ne ya karɓa daga baya, kuma sai a 1993 ya fara fitar da na'urar da sunansa a ƙasarsa.

Saboda haka, mai rubutu ya tambayi kansa: idan wannan mutumin ya amince, me zai samu, me zai rasa?

Fara da matsalar

Yawancin masu ƙira kan buɗe takarda da yabon na'urarsu: irin ƙarfen da aka yi amfani da shi, da ƙarfin injin, da cewa ba a taɓa yin irinta ba. Mai karatu bai kai nan ba tukuna. Yana son ya fara sanin wanda ke cikin wahala, da abin da wahalar ke ci masa.

Dubi yadda aka riƙa bayyana tukunyar Bah Abba. Manomin ƙauyen da babu lantarki dole ya sayar da kayan lambunsa nan take ko da farashi ya faɗi, domin gobe za su ruɓe. Wannan gaggawar ce ke sa a ɗora wa 'yan mata talla a lokacin da ya kamata suna aji. Sai aka kawo alƙaluma: gauta da ke lalacewa cikin kwana uku takan kai kwana 27 a cikin tukunyar, alayyahun da ke yaushi a yini ɗaya yakan yi kwana 12, tumatir da tattasai kuma su kai mako uku.

Jimla uku ko huɗu irin waɗannan sun fi shafi goma na kirari. Wanda ya ƙera murhu ya auna gawayin da ya ci wajen dafa mudu ɗaya na shinkafa, ya kwatanta da murhun da ake amfani da shi a gidaje. Wanda ya ƙera injin casa ya faɗi buhu nawa yake gamawa a awa ɗaya, da man da yake sha. A rubuta ranar gwajin, da wurin, da adadin lokutan da aka maimaita. A haɗa da hoto, domin gani ya kori ji.

Lissafin guda ɗaya

Sashen da masu kuɗi suka fi daɗewa a kansa shi ne na farashi. Nawa ake kashewa a fitar da guda ɗaya, nawa za a sayar, nawa dillali zai ɗauka, me ya rage?

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar kuɗin samfurin farko a matsayin farashin kaya. Samfuri da hannu ake yin sa, mai shi bai lissafa ladan kansa ba, wani ƙarfen ma daga tsofaffin kaya ya tsinto. Idan za a yi dubu, lissafi ya sauya gaba ɗaya.

A ɗauki misali. A ce mariƙin murhun na roba ne, kuma ƙarfen zubin da ake narka robar a ciki zai ci naira miliyan biyu. Idan murhu 200 kawai za a yi, kowane ɗaya ya ɗauki naira 10,000 na kuɗin zubin kaɗai. Idan 2,000 ne, ya koma naira 1,000. Takardar da ba ta nuna wannan ba, mai masana'anta zai gane cewa marubucinta bai taɓa shiga ɗakin injina ba.

A saka kuɗin man janareta, da kwali, da dako, da kayan da za su fito da aibu a zubar. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje, a faɗi farashin dalar da aka yi lissafi da shi da kuma tsawon lokacin da tayin zai tsaya a haka.

Nan ma tukunyar Jigawa tana da darasi. Yumɓu da yashi a ƙauyen suke, maginan tukwane ma a nan suke. Bah Abba ya fara ne da sa a gina tukwane 5,000 da kuɗin aljihunsa ya raba a ƙauyuka, kafin wata kyauta ta zo. Ba kowa ke da halin yin haka ba, amma ko murhu 20 aka bai wa masu tuwo-tuwo suka yi wata guda suna girki da shi, wannan shaida ce da za a iya rubutawa.

Raba aikin mataki-mataki

Idan kamfani ne ake yi wa tayin tsara masa sabon kaya, kada a rubuta kuɗi dunƙule ɗaya. A raba aikin: binciken masu amfani, zanen farko, samfuri, gwaji da gyara, sannan zane na ƙarshe da masana'anta za ta bi. Kowane mataki a faɗi makonnin da zai ɗauka, da abin da za a miƙa a ƙarshensa, da kuɗin da za a biya kafin a shiga na gaba.

A kuma rubuta sau nawa za a yi gyara kyauta. Rashin wannan layi ɗaya ya sa masu zane da dama sun yi aikin wata shida a kan kuɗin wata biyu, saboda kullum mai kaya na dawowa da sabon ra'ayi.

Kada a ɓoye rauni. Tukunyar Bah Abba ta fi aiki inda iska take a bushe, tana kuma buƙatar a riƙa jiƙa yashin kullum. Mai ƙira da ya faɗi iyakar kayansa da bakinsa ya fi samun yarda a kan wanda ya bari aka gano daga baya.

Zanen na wane ne?

Wannan tambaya ce da ake jin nauyin yi, ita ce kuma ke raba abokan ciniki idan kaya suka karɓu.

Dokar mallakar ƙirƙira da zane ta Najeriya ta 1970 ta tanadi cewa zanen da aka yi a bakin aiki, ko bisa kwangilar da wani ya bayar, mallakar mai aikin ne ko wanda ya bayar da kwangilar. Don haka mai zanen da ke son kaso daga kowane guda da aka sayar, ko yake son a ci gaba da ambaton sunansa, sai ya sa hakan a rubuce tun a takardar tayi.

Dokar ta kuma ce zanen da za a yi wa rajista sai ya kasance sabo, wanda ba a riga an baje shi ga jama'a ba. Wanda ya ɗora hoton kayansa a Facebook ko TikTok kafin ya nemi rajista zai iya jawo wa kansa asara. Rajistar zane tana aiki shekara biyar, ana iya sabunta ta sau biyu, jimilla shekara 15. Ofishin rajistar yana Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari. Masu ƙira a Nijar da Chadi da Kamaru kuwa ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yaounde ce ke yi musu rajista.

Haka kuma, kayan da za a ƙera a Najeriya don sayarwa suna buƙatar shaidar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON. Kuɗi da lokacin da wannan zai ci su ma su shiga lissafi.

Shafin farko a rubuta shi a ƙarshe

Mai karanta takardun neman jari yana da tuli a gabansa, sau da yawa ma a waya yake dubawa. Shafin farko shi ne wanda tabbas zai gani. A cikinsa a taƙaita matsalar, da maganin, da sakamakon gwaji, da adadin kuɗin da ake nema, da abin da mai bayarwa zai samu. Tunda shi ne ke tattara komai, sai an gama sauran sassan ake rubuta shi.

Idan an kammala, a miƙa wa wani da bai san aikin ba, ya karanta na minti biyar, a tambaye shi: nawa ake nema, kuma me za a yi da su? Idan ya kasa amsawa, a koma a gyara kafin a aika.