In Sabuwar Kwamfuta Tana Yawan Tsayawa

Ɗan'uwa mai karatu, darasinmu na yau a kan kwamfuta ne, wadda wasu ke ce ma ordinater. Kar ka ce wannan zancen ƴan boko ne kawai. In ka zaga Birnin Konni, ko Malbaza, ko Illela, za ka ga shagunan da ake buga takardu da ita. Ƙungiyoyin manoman albasa na wajen Galmi, da na masu noman rani a Konni, su ma suna bukatar ta don ajiye lissafin taki da iri da bashi. Wataƙila ɗanka ya roƙe ka jari don ya buɗe irin wannan shago. Wataƙila kuma ƙungiyarku ta yi karo-karo ta sayi guda. To, kuɗinka na ciki ke nan, ya kamata ka san abin da ke damun ta.

Mene ne haɗaɗɗiyar kwamfuta?

Kwamfuta iri biyu ce a kasuwa. Akwai wadda kamfani ya gama, ya rufe a kwali. Akwai kuma wadda mai gyara ke haɗawa da hannunsa: ya sayo wannan ƙarfe a nan, ya sayo wancan a can, wani sabo, wani na hannu. Ta biyun ta fi araha, shi ya sa mutane da yawa ke sayen ta. Amma ita ce ta fi yawan ba da wahala a makonnin farko.

Ga yadda wahalar take. Ana cikin rubutu sai aikin ya rufe kansa. Wani lokaci allon ya daskare, ko ka danna mi ba ya motsi. Wani lokaci allon ya zama shuɗi, ya fito da rubutu, sai ta mutu ta sake tashi. Duk abin da aka rubuta ba a adana ba, ya tafi ke nan. In lissafin bashin mutum 60 ne, ka ga an shiga rigima.

Kar ka yi gaggawar sayen wani ƙarfe

Ka san injin ban ruwa. In ya riƙa mutuwa a tsakiyar aiki, manomi mai hankali ba ya kwance shi gaba ɗaya. Sai ya duba mai. In mai lafiya, ya duba filogi. In filogi lafiya, ya duba matatar iska. Ɗaya bayan ɗaya. Haka ake yi wa kwamfuta. In ka canja abu uku a rana ɗaya ta warke, ba za ka san wanne ne mai laifi ba, kuma ka biya kuɗin biyu a banza.

Mataki na 1: ka rubuta

Yanzu ka iya rubutu, to ga inda zai yi maka rana. Nemo ƙaramin littafi ka ajiye kusa da kwamfutar. Duk sa'ad da ta tsaya, a rubuta abu huɗu: rana, ƙarfe nawa, wane aiki ake yi, da abin da ya fito a allo. In rubutun allon Faransanci ne ko Turanci, kwafe shi baƙi bayan baƙi, ko a ɗauki hotonsa da waya. Bayan kwana 7 ka karanta littafin.

In aiki guda ɗaya ne kullum yake rufewa, sauran na tafiya lafiya, to laifin na wannan manhajar ne. Manhaja ita ce tsarin aikin da ake zubawa cikin kwamfuta, kamar Word da ake rubutu da shi, ko Excel da ake lissafi da shi. Sai a cire ta a sake zuba mai kyau. In kuwa kowane aiki tsayawa yake, to a duba wuta, da zafi, da ƙarafan ciki.

Mataki na 2: wuta

Wutar NIGELEC da ke shiga gidajenmu bolt 220 ce. Haka kwamfuta ke son ta, ba hawa ba sauka. In ka ga ƙwan lantarki na dishewa yana dawowa, wutar ta yi rauni. Ƙaramin injin wuta ma yakan yi haka, musamman in an tayar da firji ko injin walda a kansa.

A shekarar 2018 aka buɗe tashar wutar hasken rana ta Malbaza, mai ƙarfin megawat 7. Duk da haka, Nijar ta daɗe tana sayen kaso mafi yawa na wutarta daga Najeriya. Mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar, ba a maido ta ba sai a 2024. Saboda haka duk mai kwamfuta ya yi tanadi. Akwai wani akwati mai batir a ciki, ana ce mashi ondiler. In wuta ta ɗauke, yana riƙe kwamfuta na ƴan mintoci, har ka adana aikinka ka kashe ta da kyau. Duba littafinka: in lokutan tsayawar sun yi daidai da lokutan da wuta ke rawa, ka kama ɓarawon.

Mataki na 3: zafi da ƙura

A cikin kwamfuta akwai wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, shi ne ƙwaƙwalwarta. In yana aiki yana yin zafi ƙwarai. In zafin ya kusa digiri 100, kwamfutar kan rage gudu, ko ta kashe kanta don kar ta ƙone. A ƙasarmu kuwa, a watannin Afrilu da Mayu zafin gari kansa yana wuce digiri 40. Ɗaki mai rufin kwano ya fi haka.

In littafinka ya nuna da rana tsaka take tsayawa, da safe kuma lafiya lau, to zafi ne. Sa kunne ka ji ko fankar ciki na juyawa. Tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen da ke sanyaya ta akwai wani mai toka-toka da ake shafawa. Mai haɗawa yakan manta da shi, ko ya manta bai ɓare ledar da ke manne a ƙasan ƙarfen ba. Ka tambaye shi, ya buɗe ya duba a gabanka.

Ƙurar hunturu ita ma tana toshe ƙofofin iska. Kar a ajiye kwamfuta a ƙasa, a ɗora ta bisa tebur, nesa da bango kamar taƙi ɗaya. In an kashe ta, a rufe ta da ƙyalle. In tana aiki, a yaye ƙyallen. Ana fitar da ƙura da abin hura iska ko da buroshi mai laushi. Ruwa kam, ko ɗigo.

Mataki na 4: ƙarafan ciki

Akwai wasu sanduna sirara, tsawonsu bai kai taƙi ba, ana ce masu RAM. Su ne kamar faifan da mace ke zuba tsaba a kai tana tsinta: duk aikin da ake yi yanzu a kansu yake zaune. In sanda ɗaya ba ta zauna daidai a raminta ba, ko ta lalace, ko an haɗa iri biyu da ba su jitu ba, ayyuka za su yi ta rufewa ba dalili.

Gwajin ba wuya. A kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango. Mai gyara ya cire sandunan, ya maida guda ɗaya tak, ya danna ta har ta yi ƙas. A yi aiki da ita kwana biyu. Sannan a cire ta a sa ɗayar. Wadda kwamfuta ta tsaya da ita, ita ce mara lafiya. A cikin Windows ma akwai abin gwada RAM, kyauta ne.

Gargaɗi: a bayan kwamfuta, inda wayar wuta ke shiga, akwai wani akwatin ƙarfe. Kar kowa ya buɗe shi. Yana riƙe wuta ko bayan an zare waya, kuma tana iya kisa. In ƙarfinsa ya gaza, canja shi ake yi ɗungurungum.

Mataki na 5: abin da aka zuba mata

Kowane ƙarfe na ciki yana da ƴar manhajar da ke tuƙa shi. In an zuba tsohuwa, ko wadda ba tasa ba, sai a yi ta samun tsayawa. A sabunta su. Ka kuma tambayi wane Windows aka sa maka. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairu na 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 kyauta ranar 14 ga Oktoba 2025. Sannan a yi hattara da ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a gefe. Yana yawo shago shago, yana kwaso cutar kwamfuta kamar yadda tumaki ke kwaso cuta a mashaya. A bincika shi kafin a buɗe.

In za ka koma wurin mai haɗawa

Tafi da littafinka. Mai gyara na kirki zai yi murna da shi, don ya rage mashi aiki. Wanda ba na kirki ba kuma zai ga ba a cuce ka da sauƙi. Tun ranar ciniki ka nemi takarda: sunan kowane ƙarfe, sabo ne ko na hannu, kuɗinsa, da wata nawa ya yarda zai gyara kyauta. Ya sa hannu, kai ma ka sa. In ya canja wani ƙarfe, ka karɓi tsohon.

Kafin a taɓa komi, a kwafe lissafin ƙungiya a ajiye wuri biyu, a kuma buga shi a takarda duk ƙarshen wata. Mai rubutu ya riƙa danna Ctrl da S tare bayan kowane ƴan layuka, don aikin ya adanu. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu ake rubutawa in kwamfuta ta tsaya?
2. Don mi ba a canja abu uku a rana ɗaya?
3. In da rana tsaka kawai take tsayawa, mi za a fara dubawa?
4. Rubuta irin takardar da za ka nema wurin mai haɗa kwamfuta.